Rumbu, Gamana da Goyon Ciki: Tarihin Cimakar Ƴan Mata Masu Ciki a Ƙauyukan Ƙasar Maraɗi, daga 1900 zuwa Yau

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin abincin yarinyar ƙauye mai cikin fari a ƙasar Maraɗi. Tana nuna cewa a farkon ƙarni na 20 cimakarta ta dogara bisa abu uku: gidan iyayenta, gamana tare da dajin da ke kewaye da gari, da kuma nonon makiyaya. Biyu daga cikinsu sun raunana a cikin ƙarnin, kuma ma'aikatun kiwon lafiya, na mulkin mallaka da na bayansa, sun daɗe suna duban jinjiri kafin su waiwayi uwar da ita kanta ba ta gama girma ba.

1. Gabatarwa

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu (EDSN-MICS) na shekara ta 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin matan da ke tsakanin shekara 20 da 24, kashi 76 bisa 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Cikin ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 40 bisa 100 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi kowace yawan auren wuri. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin mata masu ciki suna da ƙarancin jini.

Likitoci da masana yawan jama'a sun sha yin sharhi a kan waɗannan alƙaluma. Tambayar ɗalibin tarihi dabam ce: me wannan yarinya take ci, wa ke ba ta, kuma yaya hanyar da abinci ke bi kafin ya iso ƙwaryarta ta sake tun zuwan Turawan Faransi? Rahotannin kumandodi sun ƙirga masu biyan lanho, da dabbobi, da buhunan gujiya, amma amarya ba ta da layi a cikinsu. Saboda haka za mu bi ta bayan gida, wato ta tarihin yunwa irin wanda Boureima Alpha Gado ya rubuta (1993), da tarihin aure da haihuwa na Barbara Cooper (1997 da 2019), da nazarin gandu da gona na Guy Nicolas da Claude Raynaut, da kuma binciken likitocin Zariya da Yamai.

2. Masu girma biyu a ƙwarya ɗaya

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da ya bambanta cikin yarinya da na babbar mace. Bisa lissafin da hukumomin FAO da OMS suka fitar a 2004, mai ciki tana bukatar ƙarin kalori kusan 85 a kowace rana a watanni ukun farko, 285 a na tsakiya, da 475 a na ƙarshe. Jininta yana ƙaruwa ƙwarai, shi ya sa bukatar sinadarin ƙarfe take hauhawa. Wannan ya shafi kowace mai ciki. Ita kuwa yarinya mai shekara 14 ko 15 tana da wani nauyi na biyu, domin jikinta bai daina girma ba. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa har bayan tsawo ya kusa tsayawa. A inda ake da ƙarancin cimaka, jinin haila yakan yi jinkirin zuwa, girma kuma ya ja lokaci, ta yadda cikin fari ke tarar da jikin yana tsakiyar aikinsa. Ke nan uwa da ɗan tayi suna rabon abinci guda.

An sami hujja mai ƙarfi a kan haka a ƙasar Hausa. Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, suka buga sakamakon a 1985. A wani sashe na aikin an auna ƴan mata masu cikin fari ƴan shekara 13 zuwa 16 waɗanda aka ba maganin kariya daga masassarar cizon sauro, wasu kuma aka haɗa musu da ƙwayar ƙarfe da asid folik. Fiye da rabinsu sun ƙara tsawo a lokacin cikin, daga santimita 2 har zuwa 16, kuma waɗanda suka sha ƙwayoyin ƙarin jini su ne suka fi girma. A Bangaladesh kuwa, wani bincike na 2008 ya nuna cewa a ƙauyukan da ƴan mata ke fama da ƙarancin abinci, ciki da shayarwa suna tsayar da girmansu. Darasin shi ne, girman yarinya mai ciki yana iya ci gaba ko ya tsaya, gwargwadon abin da ta samu.

Sakamakon rashin samun kuwa sananne ne: jinjirin da bai kai giram 2,500 ba, haihuwar bakwaini, doguwar naƙuda saboda ƙugu bai isa ba, da yoyon fitsari da ke biyo bayanta. Mai ƙarancin jini kuma, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kashe ta.

3. Tsarin farkon ƙarni na 20

A ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe tsakanin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri a gefe guda, da daular Sakkwato a ɗaya gefen, sun tara jama'a a kwarin Gulbin Maraɗi da cikin garuruwa masu ganuwa. Da yaƙi ya kwanta a farkon ƙarni na 20, manoma suka bazu zuwa arewa, wajen Mayahi, Kornaka da Dakwaro, suna saran daji suna kafa ƙauyuka. Ƙasa ta wadata, ana barin gona ta yi saura shekaru da yawa kafin a koma mata.

Gida yana tafiya bisa tsarin gandu. Kowa yana aiki a babbar gonar maigida wasu kwanaki na mako, hatsinta yana shiga babban rumbu. Sauran kwanakin na gamana ne, wadda wasu ke cewa gayauna, wato ƴar gonar da maigida ke ba mace ko saurayi. Abin da mace ta noma a gamanarta nata ne: hatsi, wake, yakuwa, kuɓewa, riɗi. Da shi take yin miya, da shi take sayen akuya, da shi kuma take cike giɓi idan babban rumbu ya ja baya.

Amarya ita ce ƙarama a wannan tsari. Ta zo gidan da ba nata ba, tana ƙarƙashin uwar miji, ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa da itace. Ba ta da hannu a rumbu, ba ta tara dabba ba, kunya kuma ba ta barinta ta ce ba ta ƙoshi ba. Cikin fari abin ɓoyewa ne, ba a faɗinsa, sai tsofaffi sun gane da kansu. Amma al'ada ba ta bar ta haka kawai ba. Akwai madogara uku.

Ta farko ita ce goyon ciki. Idan cikin fari ya kai wata bakwai ko kusa da haka, yarinya takan koma gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana 40, wani lokaci ta zarce. A hannun mahaifiyarta aiki yana raguwa, kunyar ci tana gushewa. Miji kuma yana da nauyin aika hatsi, da itacen wanka, da kayan yaji, da ƙauri. Idan aka duba ta fuskar cimaka, wannan al'ada tana ɗauke yarinya daga gidan da ba ta da murya zuwa gidan da ake tausayinta, daidai watannin da bukatar jikinta ta fi yawa.

Ta biyu ita ce daji da saura. Ganyen kuka, tafasa, rama, gasaya, jiga, da ƴaƴan aduwa, magarya, kanya da goriba, duka ba a saye. Su ne ke kawo abin da hatsi ba ya da shi.

Ta uku ita ce nono. Bayan kaka Fulani da Buzaye sukan sauka a gonaki, dabbobinsu su ci kara su bar taki, matansu kuma su yi musayar nono da hatsi. Furar da ta sha nono da furar da aka dama da ruwa zalla suna da suna ɗaya, amma ba abu ɗaya suke yi wa jiki ba.

Wannan tsari yana da nasa cikas. Kulawar ta fi karkata ga bayan haihuwa: nama, yaji da kunun kanwa na maijego ne, mai ciki kuwa sau da yawa hani ta fi samu. Ana hana ta kayan zaƙi don tsoron ciwon da ake kira zaƙi, wanda aka yarda yana tsawaita naƙuda, a wurare da dama ana hana ta ƙwai, akwai kuma fargabar kada ɗa ya yi girman da zai gagari fita. Wannan fargaba ba ta wauta ba ce a garin da ba likita mai fiɗa. Ana kuma matse dakashi a zubar. Har kunun kanwa yana da illarsa: a shekarun 1970 Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da ya yawaita a Zariya da yawan shan kanwa da kwanciya bisa gado mai wuta a ƙarƙashi, a Yamai kuma Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini.

4. Zamanin mulkin mallaka: lanho, gujiya da yunwa

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Nijar ta zama cikakkiyar mallaka a 1922, aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Abin da ya fi taɓa ƙwaryar amarya cikin wannan mulki shi ne lanho da ake biya da kuɗi, kai da kai. Maigida yakan sayar da hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, don ya biya. Aikin tilas da cin rani zuwa Kano da sauran biranen kudu suna kwashe samari, waɗanda cikinsu akwai mazajen amare.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta ratsa ƙasar Hausa duka. Ta 1931, da fara ta jawo, ta fi tsanani a yammacin ƙasar, ta kuma tona asirin hukumar da ta ci gaba da karɓar lanho mutane suna mutuwa. Bayanta aka tsananta dokar rumbunan ajiya na dole. A irin waɗannan shekaru ana komawa ga anza da ƙarangiya da dusa, goyon ciki kuma yakan rasa ma'anarsa, tun da gidan iyaye da na miji duka babu.

Daga shekarun 1930, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, noman gujiya ya mamaye ƙasar Maraɗi da Damagaram. Tasirinsa a kan mata fuska biyu ne. Ya ba su sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, ya shigo da abinci mai maiƙo da gina jiki. Amma ya cinye saura, ya sa gona ta zama hanyar kuɗi, ya kuma ba samari damar neman sadaki da kansu, abin da ya fara kwance gandu. Da gandu ya rabu ƙanana-ƙanana, amarya ta tarar da kanta a gidan da rumbunsa ƙarami ne, mai saurin ƙarewa.

Ta fannin lafiya, an kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa (AMI) a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1905, aka buɗe makarantar likitoci da ungozomomi a Dakar a 1918. Damuwar hukuma ita ce ƙarancin jama'a, wato ƙarancin masu aiki da soja, don haka idonta yana kan mutuwar jarirai. Ungozomomin da aka horar kaɗan ne suka iso Nijar, su ma a bariki suka tsaya. Dokar Mandel ta 15 ga Yuni 1939 ta sa shekara 14 ga mace da 16 ga namiji a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, amma a ƙauyen da ba a rubuta ranar haihuwa, dokar ta tsaya a takarda. Asibitin mishan na Galmi, da aka buɗe a 1950, ya zama ɗaya daga ƴan wuraren da matar ƙauye za ta nufa idan naƙuda ta gagara.

5. Daga 1960 zuwa El Buhari

Gwamnatin Diori Hamani ta ɗora tattalin arzikinta bisa gujiya, ta kafa SONARA a 1962. A lokaci guda aka soma aikin wayar da kan mutanen karkara, kuma jihar Maraɗi ta yi suna a shekarun 1960 da tsarin ma'aikatan lafiya na ƙauye: gari ya zaɓi mai ba da taimakon farko, a kuma ɗauki ungozomar gargajiya a koya mata tsabtar yankan cibi da gane naƙudar da ta fi ƙarfinta. Belloncle da Fournier sun bayyana wannan gwaji a littafinsu na 1975. Ci gaba ne na gaske, sai dai ungozomar gargajiya aikinta yana farawa ne bayan ɗa ya faɗo. Watanni tara na ciki ba sa cikin hurumin kowa.

Farin da ya soma a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973 zuwa 1974, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kuma share wa juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 hanya. A 1975 cutar da ƙwari ke yaɗawa ta lalata gujiya, nomanta bai sake komawa yadda yake ba. Sannan aka yi farin 1984, wanda ya haɗu da rufe iyakar Najeriya daga Afrilun shekarar, shi ya sa mutane suka kira yunwar El Buhari.

Waɗannan shekaru sun karya madogara ta uku. Garken makiyaya ya ragu, shanu da yawa suka koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata. Manoma suka haura iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, suka kuma fara kwashe kara daga gonaki don nasu dabbobin ko don sayarwa. Zumuncin taki da nono ya koma gaba, wadda mafi munin misalinta shi ne kisan Toda na Oktoban 1991, inda aka hallaka Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Nono ya zama abin saye da kuɗi, kuma a gidan talaka furar rani ta zama farau-farau.

Yadda hukuma ke lissafin abinci ma ya taimaka wajen ɓoye matsalar. An daɗe ana auna wadatar ƙasa da kilo 250 na hatsi a shekara ga kowane mazaunin ƙauye, da kilo 200 ga makiyayi. Wannan ma'auni yana faɗin ko gari yana da giɓi, amma ba ya faɗin wanda ke ci a ƙarshe cikin gida, ba ya kuma ƙirga miya, mai ko nono.

6. Ƙarancin ƙasa da ɓacewar gamana

Jama'ar Nijar sun tashi daga miliyan 5.1 a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 7.2 a 1988, miliyan 11 a 2001, da miliyan 17.1 a 2012, jihar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3.4. A kudancin jihar, wajen Madarunfa, Agye da Gidan Rumji, saura ta ƙare, gonakin gado suka dinga rabuwa. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun nuna a 2004 yadda wannan matsi ke fitar da mata daga noma: idan gona ta kasa, gamanar mata ce ake fara janyewa, kuma ta ƙananan amare kafin ta uwargida. Sun lura cewa kulle, wanda a da na gidajen malamai da attajirai ne, ya bazu zuwa gidajen talakawa, wani lokaci don ba gonar da za a ba matar. Amaryar da ba ta da gamana, ba ta fita daji, ba ta da jarin sana'a, duk abin da za ta ci sai wanda aka auno mata. Madogara ta biyu ke nan ta tafi.

A ƙauyuka da dama kuma maigida yakan rufe babban rumbu bayan kaka, ya tafi cin rani, sai damana ta faɗi a buɗe don masu noma su sami ƙarfi. Dabara ce ta tsimi mai hujja, amma an gina ta bisa zaton cewa mace tana da nata hatsin da za ta ci da rani. Ga wadda ba ta da gamana, zaton ya rushe, al'adar kuwa ta ci gaba.

Ana cikin haka kuɗin iraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Shirin Bamako na 1987 ya kawo ra'ayin marar lafiya ya biya wani abu, Nijar ta mai da shi doka a 1995. A Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi, magani ya yi tsada. Yarinyar da kunya ke hana ta faɗin ciki, wadda ba ta da ko dala, sai ta nemi izini da kuɗi a wurin miji ko uwar miji kafin ta je awo. A 1994 ne kuma ƙudurin dokar iyali, wanda zai taɓa shekarun aure, ya ci tura aka jingine shi.

7. Shekara ta 2005 da abin da ya biyo baya

Ƙarancin ruwa da fara a 2004, haɗe da jan hatsi zuwa kasuwannin kudu, sun kai buhun hatsi mai kilo 100 wajen jaka 30 a damanar 2005. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne tamowar yara ta fi tsanani a Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. Wanda ya bi tarihin da muka zayyana ba zai yi mamaki ba: yawan hatsi a kasuwar Maraɗi ba ya nufin yawansa a ɗakin amarya.

An sami sauye-sauye bayan haka. A 2005 aka mai da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake binciken LASDEL ya nuna yadda jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu ya riƙa jawo yankewar magani. An soma makarantar mazaje a jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 2000, an buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a Danja a 2012, aka ƙaddamar da shirin 3N a wannan shekara, sannan shirin Illimin na ƴan mata a 2013. A Disamban 2017 aka sa hannu a dokar kare karatun ɗiya mace. A 2018 ICRISAT da INRAN suka fitar da irin hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe. Tun 1983 kuma manoman Maraɗi suka rungumi rainon tohon itatuwa a gonaki, abin da ya mayar da wani sashe na ganye da ƴaƴan itacen da aka rasa.

Ta fannin ilimi, shawarwarin OMS na 2016 sun ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da mikrogiram 400 na asid folik kullum, ta sha maganin kariya daga masassara aƙalla sau uku daga watanni ukun tsakiya, kuma a inda tamowa ta yi yawa a ba ta ƙarin abinci mai ƙarfi da gina jiki. Gwajin da aka yi a ƙauyukan Gambiya, aka buga a 1997, ya nuna cewa biskit na gujiya da ake ba masu ciki ya ƙara nauyin jarirai da giram 136, a lokacin yunwar damana kuwa da kusan giram 200. Wannan ya dace da Maraɗi, inda ƙarewar rumbu, da aikin noma, da masassara suke haɗuwa daga Yuli zuwa Oktoba.

Amma yawancin ƙoƙarin bayan 2005 ya bi tsohuwar hanya: yaro ne abin aunawa, uwa kuwa mai kawo shi. Ko tunanin kwana 1,000 na farko, da ya yaɗu bayan 2008, yana farawa ne daga ranar ɗaukar ciki. Yarinyar da ke ɓoye cikinta har wata biyar ko shida ta riga ta rasa rabin abin da aka tanadar mata.

8. Kammalawa

Mun ga cewa auren wuri ya daɗe a ƙasar Maraɗi, amma yanayin da yake aukuwa a ciki ya sake ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 ƙaramar amarya tana da daji, da gamana, da nono, da gidan iyaye. Lanho da gujiya sun raba gandu, fari ya raba manomi da makiyayi, ƙarancin ƙasa ya ƙwace gamana. Goyon ciki ne kaɗai ya rage da ƙarfinsa, shi ma gwargwadon abin da ke cikin rumbun iyaye. Saboda haka ɗora laifin duka bisa jahilci ko al'ada, kamar yadda rahotanni da dama ke yi, bai dace da tarihi ba. Mahaifiyar da ke ba ɗiyarta farau-farau ta san amfanin nono sarai.

Abu uku ke fitowa daga wannan nazari. Na farko, da ruwan ciki ake jan na rijiya: cimakar da ta fi tasiri ita ce wadda yarinya ta samu kafin ciki, kuma kowace shekara da aka jinkirta cikin fari, ta hanyar lakkwal ko wata hanya, shekara ce ta girman ƙugu da tara jini. Na biyu, masu yanke shawara a kan ƙwaryarta su ne uwar miji, da miji, da mahaifiya, don haka nasihar da aka yi wa ita kaɗai a gidan likita ba ta isa rumbu. Na uku, batun gonar mata batun lafiya ne, ko da yake ma'aikatu dabam ke kula da su.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, akwai fili a nan. Tsofaffin matan Tasawa, Kornaka da Gabi waɗanda suka yi cikin fari a 1974 ko 1984 suna raye, kuma suna iya faɗin watan da suka tafi goyon ciki, da abin da miji ya aika, da tiya nawa aka auna musu. Kwatanta bayaninsu da na jikokinsu zai ba mu tarihin cimaka wanda aka auna daga cikin gida.